Kawu Ne Ya Kashe Malamar

Kawuna mai gyaran agogo ne. Rumfarsa tana ƙarƙashin matakalar wani bene da ke kallon tashar bas, wuri ne ɗan tsukuku, in ya zauna gwiwarsa na taɓa teburi. Yana gyara agogo, yana ɗaure ƙafar tabarau, in an kawo masa rediyo ma ba ya cewa a'a. A nan wani darakta ya same shi, ya kawo agogon hannunsa da ya tsaya. Kafin a gama sa batir ya ce muryar Kawu ta yi masa, ya tambaye shi ko zai iya tsayawa gaban kyamara. Kawu ya ce tsayuwa ba ta ba shi wahala, in dai ba gudu za a sa shi ba.

Haka ya shiga shirin da ake nunawa a talbijin duk ranar Laraba da yamma. Shirin yana da sunansa, amma ba mai faɗa, kowa "shirin Sufeto" yake cewa, saboda 'yar sandar da ke binciken. An tsinci gawar wata malamar makaranta a ɗakinta, ƙofa a kulle, kofin shayi a gefen gado, to tun daga kashi na farko ake neman wanda ya ba ta guba. Ana zargin mijinta, ana zargin mai gidan da take haya, ana zargin wani lauya mai yawan murmushi. Kawu shi ne mai shagon magani na ƙasan benen da malamar take zaune, dattijo mai fara'a, wanda ke auna wa tsofaffi hawan jini, ya ba Sufeto kujera da ruwan sanyi in ta gaji da yawo. Fitowarsa ba ta da yawa, amma mutane sun so shi. Suka sa masa Baba Mai Magani. Har rumfa ake biyo shi ana tambayarsa abin da za a sha wa ciwon baya.

Innata yayarsa ce, ita ta riƙe shi tun yana ƙarami. Tun da matarsa ta rasu ya dawo ɗakin da ke samanmu, abincinsa a tukunyarmu yake. Ni "Uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Inna kuwa ba ta taɓa fashin shirin nan ba. Da Kawu ya bayyana a allo za ta ce, "Ku yi shiru, ga Ƙarami nan," alhali ita kaɗai ke magana.

Ranar da za a nuna kashi na ƙarshe falonmu ya cika. Maƙwabta sun zo da kujerunsu, don kowa yana so a ce tare da ɗan wasan ya kalla. Mai askin layinmu ya rufe shago da wuri. Ya daɗe yana rantsuwa cewa lauyan ne, har ya ce in ba shi ba ne a aske masa gemu da kwalba. Ƙanena Dogo ya ce mijin ne. Matar telan da ke gefenmu ta ce mai gidan haya ne, don ita ba ta taɓa ganin na kirki ba. An yi ta lallaɓa Kawu ya ɗan tsegunta, ya ce ya sa hannu a takarda, bakinsa da kwaɗo. Ya ja kujerar roba bakin ƙofa ya zauna yana ɓare lemo.

Da farko aka kama mijin. Dogo ya miƙe yana buga ƙirji. Sai Sufeto ta biya shagon magani don ta yi wa dattijon sallama ta gode masa. Suna cikin hira ya ce Allah sarki, malamar nan ko shayinta ba ta ƙarasa ba. Sufeto ta tsaya. Ba a taɓa faɗa wa kowa cewa an bar saura a kofin ba. Ta dube shi, ya dube ta.

Sai Kawu, na cikin talbijin, ya cire tabaransa. Ya goge shi da gefen riga, ya naɗe ƙafafun a hankali, ya ajiye a kan kanta, ya daidaita shi da ɗan yatsa. Ya ce, "Zauna, 'yata. Ai ba a magana a tsaye."

Bai ɗaga murya ba. Ya gaya mata malamar ta gano yana sayar da maganin da ya lalace, har wani ɗalibinta ya mutu, ta ce za ta kai ƙara. Ya ce, "Na yi mata faɗa da hankali, ba ta ji ba. Ita ta jawo wa kanta. Ni ba na son tashin hankali, kowa ya shaide ni." Da aka sa masa ankwa ya roƙi Sufeto ta kashe fanka kafin su fita, kada a yi asarar wuta. A nan aka rufe shirin.

Falo ya ɗauki ihu. Matar tela ta dafe ƙirji tana salati. Mai aski ya riƙe gemunsa da hannu biyu. Dogo ya juya ya ce, "Kawu! Kai ne? Duk wannan ruwan sanyin da kake ba ta?" Kawu ya jefa ɓarin lemo a baki ya ce, "To, ita ai ban sa mata komai ba." Aka bushe da dariya, wasu na tafi, wasu na zaginsa cikin wasa.

Sai da hayaniya ta lafa na lura kujerar Inna ba kowa. Matar tela ta ce tun lokacin da ya cire tabarau ta tashi. Na same ta a kicin, ta kunna famfo tana wanke kwanonin da na riga na wanke.

Na ce, "Inna, ba ki ga ƙarshen ba."

Ta ce, "Na gani."

Washegari gari ya ɗauka. A gidan wanki da guga inda nake aiki, ba a yi maganar komai ba sai wannan. Abokiyar aikina ta ajiye dutsen guga ta ce, "Ke, kuma kina cin abinci da mutumin nan?" Wani da ya zo karɓar kwat ɗinsa ya ce marubutan sun yi wa mutane wayo, ba a nuna alama ko ɗaya ba. Wata da ke bayansa a layi ta ce alama kam an nuna, shi ne bai da ido, ai tun kashi na biyu dattijon ya san kalar kofin ba tare da ya shiga ɗakin ba. Suka yi ta musu har na manta na ba shi wandon wani.

A waya ma haka. Dogo ya zauna yana karanta mana abin da mutane ke rubutawa. Wani ya ce ya daina kallon tashar har abada. Wani ya ce shi tun ranar farko ya sani, sai aka tono masa abin da ya rubuta makon jiya, inda ya rantse lauyan ne. Wata ta ce ta zubar da duk maganin da ke gidanta. Wata ta rubuta cewa abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tsohon bai ce a yafe masa ba, ko hawaye ɗaya bai yi ba, sai maganar fanka. A rediyo aka buɗe layi, wani ya bugo ya ce a tsawaita shirin a rataye shi kowa ya gani, ko hankalin mutane ya kwanta.

Kawu ya sha kallo. Kwandastan bas ya ce masa, "Baba, shiga gaba inda zan riƙa ganinka." Wata mata ta zo rumfa ta karɓe agogon bangonta ba a gama gyara ba, ta ce ta fasa. Mai shagon maganin da ke kusa da tasha, wanda suke gaisawa kullum, ya daina amsa masa, wai ya ɓata musu sana'a. Amma waɗanda suka zo ɗaukar hoto sun fi waɗanda suka gudu yawa. Samari da 'yan mata suka riƙa yin layi a bakin matakala, kowa na cewa, "Baba, ɗan cire tabarau mu gani." In ya cire ya naɗe, sai su yi ihu su ja da baya suna dariya. Mai aski ya cika alkawari rabi da rabi, ya rage gemu da almakashi ya ce kwalbar ce ba a samu ba.

Kawu yana jin daɗin abin, ba ya ɓoyewa. Ya ce shekara da shekaru yana ƙarƙashin matakala mutane na taka kansa, yau ga shi an san da shi.

Inna ce kawai ba ta ce uffan ba. Da, ita ke hawa sama da kanta ta kai masa abinci, ta zauna ta yi masa mitar ɗakinsa ba shara. Yanzu sai ta zuba ta rufe ta ce, "Kai wa kawunki." In ya sauko gaishe ta, ta amsa a taƙaice ta sami abin yi a wani ɗaki. Maƙwabta suka mai da abin raha. Matar tela ta ce, "Haba, ke kuwa, wasa ne fa, malamar tana nan da ranta, jiya ma na gan ta a tallan sabulu." Dogo ya ce tsufa ne ya fara kama Inna, ba ta raba fim da gaskiya. Ni ma haka na ɗauka. Na zaunar da ita na yi mata bayani yadda ake yi, da kyamara da komai. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

Ranar Lahadi da hantsi ina kicin ina tsince shinkafa, Inna na yanka albasa, sai ga Kawu ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Ya ce, "Yaya, darakta ya kira ni. Za a yi zango na biyu. Suna so a nuna ni a kurkuku, Sufeto ta riƙa zuwa neman shawara wurina. Na ce sai na ji ta bakinki."

Inna ba ta ɗago ba. "Da za ka yi na farko ka ji ta bakina?"

"Wancan ai kin yi murna."

"Na yi." Ta ajiye wuƙar. "Ƙarami, a ina ka samo cire tabaran nan?"

Kawu ya ɗan yi dariya. "Darakta ne ya ce in yi wani abu da hannuna, kada in tsaya kamar icce."

"Ban tambaye ka abin da darakta ya ce ba. Shi ya ce ka goge da gefen riga? Shi ya ce ka daidaita da yatsa? 'Ba a magana a tsaye' ɗin nan, a takardarsu yake?"

Na yunƙura zan fita, Inna ta ce in zauna, ai na girma.

Can Kawu ya ce, "Ba ya cikin takarda."

"To a ina?"

"Kin sani, Yaya. Wurin Baba."

Ni kakana ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni. Abin da na sani shi ne abin da tsofaffi ke faɗa in an haɗu: akawu ne a ofishin jirgin ƙasa, mutum mai sanyin hali, mai sasanta ma'aurata, wanda ba a taɓa jin muryarsa a waje ba. Ranar, a kicin ɗin nan, na ji sauran. In ya dawo daga aiki ya sami wani abu bai yi masa ba, ko gishiri ya yi yawa, ko an bar taga a buɗe, ba ya faɗa. Zai ci abincinsa ya wanke hannu. Sannan ya cire tabarau ya goge ya naɗe ya ajiye a kan teburi, don kada ya fashe. Ya kira kakata ya ce ta zauna, ba a magana a tsaye. Ya rufe ƙofa. In ya gama, ya fito ya mai da tabaransa, ya ce ita ta jawo wa kanta, shi ba ya son tashin hankali. Da safe maƙwabta su gaishe shi da girmamawa, kakata ta ce faɗuwa ta yi a banɗaki.

Inna ce ta faɗi wannan, ba ta kuka, kamar tana ba da labarin gidan wasu. Ta ce da ta ga hannunsa ya nufi tabarau take sunkutar Ƙarami ta shige da shi bayan durom ɗin ruwa, ta toshe masa kunnuwa da tafin hannunta, ta yi ta yi masa surutu har a gama.

Ta ce, "Kana ɗan mitsitsi. Ko magana ba ka gama iyawa ba. Da Baba ya rasu na ce to, ni na gani, ni zan tafi da shi kabari, yaron nan bai san komai ba. Duk abin da na kasa yi a duniya, ina cewa wannan ɗaya dai na yi. Sai ina zaune cikin mutane, a falona, na ga Baba ya cire tabarau a talbijin."

Kawu ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana juya hular a hannunsa.

Ya ce, "Kunne kika toshe mini, Yaya. Idona a buɗe yake. Akwai 'yar kafa tsakanin durom da bango."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Ke ma ba ki faɗa ba. Na ga kina so in zama ban sani ba, sai na zama ban sani ba."

"Shi ne ka kai wa duniya."

"Wallahi ban shirya ba. Mun yi ta ɗauka ana sakewa. Darakta ya ce in zare ido, na zare, ya ce bai yi ba. Ya ce in daka tsawa, na daka, ma'aikata suka yi dariya. Sai ya ce, Baba, ba ka taɓa jin tsoron wani ba? Yi mini yadda mutumin yake yi. Hannuna ne ya tafi da kansa. Da na gama ba wanda ya yi motsi. Yarinyar da ke fitowa a Sufeto ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba. Na so in gaya miki kafin a nuna, na rasa ta inda zan fara."

"Amma ka iya tsayawa a rumfa kana yi wa yara suna ɗaukar hoto."

Wannan ta shige shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan kam ban kyauta ba." Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa, "In na yi suka yi dariya, sai in ji kamar abin ya ƙanƙance. Ban san yadda zan gaya miki ba."

Inna ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yanka albasa. Ta gama, ta zuba a mai, ta juya. Ni dai ina ta tsince shinkafar da ba sauran tsakuwa a ciki.

Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Na ji masu waya suna cewa a sa ka kuka a kurkuku, ka nemi gafara."

"Darakta ma yana tunanin haka. Wai mutane sun matsa."

"Ka gaya masa ƙarya ne. Irinsu ba sa yi. Baba har ya mutu yana ganin shi aka ɓata wa." Ta rage wuta. "In za ka yi, ka yi shi yadda yake. Wata tana can zaune da irinsa, kowa na gaishe shi. Ni dai ba zan kalla ba."

"To, Yaya."

"Kuma ka daina yi a rumfa."

"Na daina."

"Tashi ka ɗauko faranti, tunda ka sauko. Ƙafata ta gaji da matakalarka."

Kawu ya karɓi aikin. Da samari suka zo hoto ya ce musu tabaran ya manne, suka yi ƙorafi suka gaji suka rage zuwa. Matar da ta karɓe agogonta ta dawo da shi, don ba ta sami wanda ya iya ba. Da aka fara zango na biyu an yi ta zagin marubuta a waya saboda tsohon ya ƙi yin nadama, amma masu kallo sun ƙaru. Dogo bai san abin da aka yi a kicin ba, har yau yana cewa shi ya shawo kan Inna da bayani, mun bar shi a haka.

Ranar Laraba in falo ya cika, Inna takan ɗauki kujerarta ta fita baranda. Da farko ita kaɗai take zama, daga baya na riƙa binta, in kalli maimaici ranar Asabar. A nan ta fara ba ni labarin kakata, kaɗan-kaɗan, ba na duka ba, na sauran rayuwarta. Ashe mace ce mai barkwanci, tana kwaikwayon tafiyar kowa a layinsu. Ashe ta iya keke. In kakana ya tafi aiki takan ari na maƙwabci, ta ɗora Inna a baya, Ƙarami a gaba, su zagaya filin da ke bayan gidajen ma'aikata. Inna ta ce wata rana birki ya ƙi, suka faɗa cikin shukar wani mutum su duka, kakata tana kwance cikin ganye tana dariya har mai gonar ya fasa faɗan da ya zo yi.

Na ce, "Kawu ya san wannan?"

Inna ta ce, "Ina fa, ya yi ƙanƙanta." Sai kuma ta ce, "Kai, wa ya sani. In an tashi daga kallo ki kira mini shi in tambaye shi."